GWAJIN TARIN FUKA KAFIN TAFIYA WATA ƘASA

Idan kaka ta yi, aka yanke hatsi, aka zuba a rumbu, matasanmu da yawa sukan ɗaure kaya su tafi cin rani. Wasu sukan nufi kudu, zuwa Daura da Kano da Legas. Wasu sukan nufi arewa, zuwa Agadas da Aljeriya da Libiya. Wasu kuma sukan yi fasfo su nemi biza, su hau jirgin sama zuwa Saudiyya ko Turai.

Tafiya ba baƙuwa ba ce a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin fatake kan taso daga Turabulus, su bi ta Gat da Agadas, su iso nan kafin su wuce Kano. Sukan sauke raƙumansu a bayan ganuwar Birni. Wurin saukar nan tasu shi ne ya zama unguwar Zango.

A yau akwai wani irin zango da matafiyi ke tsayawa kafin ya shiga wasu ƙasashe. Zangon nan ɗakin likita ne. A can ake duba ƙirjin mutum, a ga ko yana ɗauke da tarin fuka. Bari mu yi bayanin wannan gwaji, da dalilinsa, da abin da ya shafe mu a cikinsa.

MENE NE TARIN FUKA?

Tarin fuka, wanda wasu ke kira tarin huka ko babban tari, cuta ce da ta fi kama huhu. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ne ya gano ta. Ya sanar da duniya ranar 24 ga watan Maris na 1882. Shi ya sa ake tunawa da wannan cuta ranar 24 ga Maris ta kowace shekara.

Ƙwayar tana bin iska ne. Idan mai cutar ya yi tari, ko atishawa, ko magana, sai ƙwayoyin su fita daga huhunsa su tsaya cikin iskar ɗaki. Wanda ya shaƙi iskar nan yana iya kamuwa. Haɗarin ya fi yawa a ɗaki mai duhu, marar taga, inda mutane da yawa ke kwana.

Tarin fuka ba gado ba ne. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Ba a ɗaukarsa ta wurin gaisawa da hannu, ko ta wurin cin tuwo a kwano ɗaya. Abin da ya sa yakan bi ƴan gida ɗaya shi ne iska ɗaya suke shaƙa.

Ga alamunsa:

1. Tari wanda ya kai mako biyu bai tsaya ba.
2. Kaki, wani lokaci har da jini.
3. Zazzaɓi, musamman da maraice.
4. Zufa da dare har ta jiƙa tufafi.
5. Ramewa da rashin son abinci.
6. Ciwon ƙirji da kasala.

Cutar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutane kusan miliyan 11 ne suka kamu da ita, kuma fiye da miliyan 1 suka mutu. Amma tana da magani, kuma ana warkewa sarai.

ME YA SA AKE GWADA BAƘI?

Kowace ƙasa tana tsoron cutar da ke bin iska. A wasu ƙasashe tarin fuka ya ragu ƙwarai. Idan baƙo zai zo daga ƙasar da cutar ke da yawa, sukan so su san halin ƙirjinsa tukuna.

Wannan al'ada ta daɗe. A Amurka akwai wani tsibiri mai suna Elis, a bakin birnin Niyok. Daga 1892 zuwa 1954 baƙi fiye da miliyan 12 suka bi ta wurin. Likitoci sukan tsaya suna kallon baƙi suna hawan matakala. Wanda aka ga yana haki ko yana tari, sai a yi masa alama da alli a riga, a ware shi don a ƙara duba shi. Wasu akan mayar da su ƙasarsu cikin jirgin ruwan da ya kawo su.

Wannan komawa tana da zafi. Mutum ya sayar da abin hannunsa, ya ƙetare teku, sa'an nan a ce ya juya. Daga baya sai aka ga ya fi sauƙi a gwada mutum tun yana ƙasarsa, kafin ya kama hanya. Haka ƙasashe da dama ke yi a yau.

WAƊANNE ƘASASHE KE NEMAN GWAJI?

Ingila ta fara gwada wannan tsari a 2005, a ƴan ƙasashe kaɗan. Daga 2012 ta faɗaɗa shi zuwa ƙasashe masu yawa. Nijar da Nijeriya suna cikinsu. Duk wanda zai zauna Ingila fiye da wata shida, dole ya kawo takardar shaidar cewa ba shi da tarin fuka. Ba a kowane asibiti ake yin gwajin ba, sai wanda hukumar Ingila ta amince da shi. A Nijeriya, Ƙungiyar Kula da Ƙaura ta Duniya, wadda muka sani da suna OIM, tana yin gwajin a Abuja da Legas. Takardar tana aiki wata shida ne kawai.

Amurka da Kanada su ma suna gwada wanda zai koma can da zama. Likitocin da suka zaɓa ne ke duba shi tun kafin ya taso.

Saudiyya da maƙwabtanta na yankin Larabawa suna gwada masu zuwa aiki. Sai an ɗauki hoton ƙirjin mutum kafin a ba shi takardar zama. Dokarsu tana da tsanani. Wasu daga cikinsu sukan ƙi karɓar sabon ma'aikaci ko da tabon tsohon tari ne kawai aka gani a huhunsa.

Hatta aikin Hajji abin ya shafe shi. Hukumomin lafiya na Saudiyya sun sa tarin fuka mai yaɗuwa cikin cututtukan da ke hana maniyyaci tafiya har sai ya warke. Dalili a fili yake. Wuri ne da jama'a masu ɗimbin yawa ke cakuɗuwa, suna kwana cikin tanti ɗaya.

YAYA AKE YIN GWAJIN?

Gwajin ba shi da zafi, kuma ba abin tsoro ba ne. Mataki uku ne.

Na farko, tambaya. Likita zai tambaye ka ko kana tari, ko kana zufa da dare, ko ka rame. Zai tambaya ko ka taɓa shan maganin tarin fuka, ko akwai mai shi a gidanku. Ka faɗi gaskiya. Ɓoyewa ba ta warkar da kowa.

Na biyu, hoton ƙirji. Za ka tsaya a gaban na'ura, ka ja numfashi ka riƙe na ɗan lokaci. Hoton yana nuna ko akwai tabo ko rami a huhu. Ƙananan yara galibi ba a ɗaukar su hoto, sai dai likita ya duba su. Mace mai ciki ta gaya wa likita tun da farko. Zai rufe cikinta da abin kariya, ko ya zaɓa mata wata hanyar gwaji.

Na uku, gwajin kaki. Idan hoto ya nuna abin shakka, za a ba ka ƴar kwalba ka tofa kaki a ciki. Kaki ake nema, wanda ya fito daga ƙirji, ba miyau ba. Masu neman biza sukan ba da kaki sau uku, da sassafe, a ranaku dabam dabam. Ana duba shi da madubin likita. Akwai kuma wata na'ura mai suna GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Tana ba da amsa cikin kamar awa biyu. Har tana nuna ko ƙwayar mai taurin kai ce. Wani lokaci kuma akan shuka kakin a ɗakin bincike, kamar yadda manomi ke shuka iri, a jira a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Wannan yana iya ɗaukar har mako takwas.

Idan an samu cutar, ba ƙarshen tafiya ba ke nan a kowace ƙasa. Ga masu zuwa Ingila ko Amurka, mutum zai sha magani har ya gama, a sake gwada shi, sa'an nan a ba shi takarda.

ABIN DA GWAJIN BA YA GANI

Akwai wani abu da ya kamata mu gane. Ba duk wanda ƙwayar ta shiga jikinsa ne ke kwanciya ciwo ba. A jikin mafi yawan mutane, ƙwayar takan shiga ta kwanta barci. Mai ita ba ya tari, ba ya sa wa kowa. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa. Cikin irin waɗannan mutane, 5 zuwa 10 ne cikin 100 cutar kan tashi musu daga baya.

Abin kamar irin ciyawa ne a gona. Da rani ba ka ganin kome, gona fes. Amma da ruwan farko ya sauka, sai ciyawa ta fito. Hoton ƙirji ba ya ganin ƙwaya mai barci. Sai gwajin fata ko na jini ke nuna ta.

Me ke tada ta? Duk abin da ke raunana jiki. Yunwa, da cutar sida, da ciwon suga, da shan taba, da shan giya, da ƙurar dutse. Saboda haka mutum yana iya samun takardar shaida yau, ya isa wata ƙasa lafiya lau, bayan shekara guda cutar ta tashi. Takarda tana faɗin halin ranar da aka yi gwaji ne kawai.

MU FA, WA KE GWADA MU?

A nan ne maganar ta shafe mu. Mafi yawan matafiyanmu ba sa bi ta ofishin biza. Mai zuwa Kano yakan bi ta Matamai da Ɗan Barto, ko ta Magarya, ya ƙetare iyaka da tsakar rana. Mai zuwa arewa yakan bi ta Tanut da Agadas da Arlit. Babu mai ɗaukar hoton ƙirjinsa a hanya. Babu mai tambayarsa ko yana tari, a tafiya ko a dawowa.

Amma cutar ba ta neman fasfo. Nijeriya, inda ƴan cin raninmu suka fi zuwa, tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. A can samarinmu sukan kwana goma ko fiye a shago ɗaya, ƙofa a rufe saboda sanyi ko ɓarayi. Sukan rage cin abinci don su tara kuɗin komawa gida.

Masu haƙar zinariya su ma suna cikin haɗari. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, matasa da yawa suka nufi ramukan arewa. Ƙurar dutsen da ake fasawa tana ɓata huhu. Huhun da ƙura ta ɓata kuwa, tarin fuka ya fi saurin kama shi.

Ga kuma mata da yara, musamman na yankin Kance, masu zuwa Aljeriya. Tun watan Disamba na 2014 aka fara dawo da ƴan Nijar daga can cikin jerin manyan motoci. Kafin su iso gida sukan yi kwanaki a cunkushe, a wurin tsarewa da cikin mota. Idan akwai mai cutar guda ɗaya a cikinsu, iskar da yake fitarwa kowa ke shaƙa.

A ce wani saurayi ya dawo daga cin rani gab da damina. Ya rame, yana tari. Iyayensa suka ce gajiyar hanya ce da ƙura. Aka sayo masa ƙwayoyi a kasuwa, aka jiƙa masa sassaƙe. Yana kwana ɗaki ɗaya da matarsa da jaririnsu. Ruwa ya sauka, ya kasa riƙe hauya. Gona ta kwana ba noma. Kafin a kai shi asibiti, wata huɗu sun wuce, jaririn ma ya fara ramewa. Kuɗin da ya tara a rani duka sun tafi ga maganin da ba na cutar ba.

To, tun da babu mai tsayar da mu a iyaka, sai mu tsayar da kanmu. Asibitin garinmu shi ne zangonmu. Mu biya ta can kafin mu tafi, mu biya ta can idan mun dawo.

MAGANI KYAUTA NE

A ƙasarmu ta Nijar akwai shirin gwamnati na yaƙi da tarin fuka. Maganin cutar kyauta ake ba da shi. Ka fara zuwa asibitin CSI mafi kusa da kai. Idan ba a gwajin kaki a wurin, za a tura ka inda ake yi. Akwai asibitocin gunduma a Mirya da Magarya da Matamai da Gure da Tanut, ga kuma babban asibitin ƙasa na Damagaram.

Maganin wata shida ake shansa, kullum, ba fashi. A wata biyu na farko magunguna iri huɗu ne a haɗe. A wata huɗu na baya iri biyu ne. Ɗaya daga cikinsu yana sa fitsari ya yi ja. Kada wannan ya tsorata ka, ba jini ba ne. Amma idan idanu suka yi rawaya, ko amai ya yi yawa, ko gani ya ragu, a koma asibiti nan da nan.

Bayan ƴan makonni da fara magani, tari yakan lafa, ƙarfi ya dawo. Haɗarin sa wa wasu ma yana raguwa ƙwarai. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Sai mutum ya ce ya warke, ya ajiye magani, ya hau mota ya tafi cin rani. Alhali ƙwayoyin ba su gama mutuwa ba. Masu rauni ne suka mutu, masu ƙarfi suna nan. Kamar wanda ya yi noman farko ne ya ƙi yin maimai.

Idan ciwon ya dawo, yana iya dawowa da taurin kai, maganin farko ya daina kama shi. Irin wannan tari yana da wuyar magani. Tun 2008 ake maganinsa a Nijar, da taimakon ƙungiyar Action Damien ta ƙasar Beljiyam, kuma mutane da yawa sun warke. Amma ya fi daɗewa, ya fi wahalar da jiki. Wanda aka sa wa shi kuma, mai taurin kan zai ɗauka kai tsaye.

GARGAƊI GA MAI SHIRIN TAFIYA

1. Idan kana tari har mako biyu, kada ka hau mota sai an gwada kakinka.
2. Idan kana kan magani, ka dakata har ka gama wata shida. Idan tafiyar ta zama dole, ka gaya wa ma'aikacin lafiya. Ka riƙe katinka na magani, ka nemi shawarar inda za ka ci gaba da karɓa.
3. Idan aiki za ka nema a ƙasashen Larabawa, ka je a duba ƙirjinka tukuna. Kada ka jinginar da gona ko ka sayar da shanun noma ka ba dillali, sa'an nan a ce ba ka ci gwaji ba.
4. Kada ka sayi takardar shaida ta jabu. Ƙasashe da yawa suna sake gwaji bayan an isa. Idan aka kama ka, ka yi asarar kuɗi da tafiya, ga cuta tana nan tana cin huhunka.
5. Wanda ya taɓa yin cutar ya warke, ya adana takardunsa na asibiti da tsohon hoton ƙirjinsa. Za su yi masa amfani a gaban likita.
6. A masauki, ku bar taga a buɗe. Iska tana kwashe ƙwayoyin, hasken rana yana kashe su. Mai tari ya rufe bakinsa da ƙyalle.

GARGAƊI GA MUTANEN GIDA

Idan ɗanku ko mijinki ya dawo da tari da rama, a kai shi asibiti cikin makon nan. Kada a jira sai an gama shuka. Kafin a san sakamako, ya kwana a ɗaki mai iska, nesa da ƙananan yara.

Idan an tabbatar da cutar, a kai duk ƴan gidan a duba su, musamman yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Akwai maganin kariya da ake ba su. A yarda kuma a yi gwajin sida, domin cututtukan biyu sukan tafi tare, kuma kowace tana da maganinta.

A kai kowane jariri a yi masa allurar BCG tun a kwanakin haihuwa. Ita ce allurar da ke barin ɗan tabo a hannu. An fara amfani da ita a Faransa a 1921. Tana kare yara daga munanan nau'o'in cutar, irin mai kama ƙwaƙwalwa. Amma ba ta hana babba kamuwa, don haka mai tabon allura ma ya je gwaji idan yana tari.

Makiyaya su lura, shanu ma suna da nasu tarin fuka, kuma yana iya shiga mutum ta ɗanyar madara. A tafasa madara kafin a sha. Saniyar da ke tari tana ramewa, a nuna wa malamin dabbobi.

Kada a guji marar lafiya, kada a yi masa gori. Abin da yake bukata shi ne abinci mai kyau, kamar wake da gyaɗa da zogale da ƙwai, da kuma wani na gida mai tuna masa shan magani kowace safiya.

Masu unguwanni da limamai da shugabannin tasha, ku taimaka wajen isar da wannan saƙo. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.